GIGIN TSUFA: MU LURA DA DATTAWANMU TUN KAFIN LISSAFI YA KWANCE

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar farashin bijimai da ta shingayen hanya, mu taɓo wata magana wadda kusan kowa ya san da ita a gidansa ko a rumfarsa, amma ba a cika son faɗinta a fili ba.

Akwai wani dattijo a cikinmu, ba za mu kama suna ba saboda girmansa da na iyalinsa. Ya fi shekara arba'in yana safarar shanu daga kasuwannin Adar da Damargu zuwa Kurmi, tun zamanin da ake kora su a ƙasa har aka koma zuba su a tirela. Bai taɓa riƙe littafi ba, kansa shi ne littafinsa. In ya ga sa sau ɗaya a Tunfafi, ko bayan wata uku aka tambaye shi zai faɗi launinsa da yanayin ƙahonsa da wanda ya sayar masa. In ana juya sefa zuwa naira kuwa, kafin yaro ya gama danna na'urar lissafi Alhaji ya riga ya faɗi amsa.

To ana gab da wata babbar salla sai abin mamaki ya faru. Alhaji ya sallama wa wani mutum bijimi da hantsi, ya karɓi kafin alƙalami. Da azahar wani ya taya wannan bijimin dai, ya sake sallamawa, ya sake karɓar kuɗi. Da mutanen biyu suka haɗu a kan igiya ɗaya, sai Alhaji ya rantse da Allah shi bai taɓa ganin na farkon ba. Magana ta kai gaban shugabannin kasuwa, aka kira shaidu, aka laluba lalitarsa, sai ga kuɗin a ƙulle. Muna wurin aka yi, kuma ba za mu ɓoye ba, da yawa daga cikinmu mun koma gida muna cewa ashe tsoho ya fara son zuciya. Wasu suka ce sammu aka yi masa saboda hassada. Bayan 'yan watanni ya fara cewa babban ɗansa yana sace masa kuɗi, har yaron ya yi fushi ya bar gidan. Sai da aka shekara biyu ana haka kafin a kai shi gaban likita, likita ya ce ƙwaƙwalwar Alhaji ce ba ta da lafiya, kuma ciwon ya daɗe da somawa.

Kafin a gane, an riga an yi asarar abu uku: kuɗin da ya bayar bashi ba wanda ya san wa ya ba, mutuncin da ya shekara arba'in yana ginawa, da kuma zumuncin uba da ɗa. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu yi wannan bayani, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

MENE NE GIGIN TSUFA?

Mu Hausawa mun saba cewa wane ya fara gigin tsufa, sai mu bar maganar nan, kamar dai furfura ce da dole ta fito wa kowa. Likitoci sun ce ba haka ba ne. Tsufa daban, wannan ciwo daban. Akwai dattijo mai shekara 90 da zai lissafa maka jikokinsa da bashin da yake bin mutane ba tuntuɓe, akwai kuma mai shekara 65 da ya ɓata a unguwar da aka haife shi. Ciwo ne da yake lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har mutum ya kasa tunawa, ya kasa lissafi, ya kasa yanke shawara, daga baya ma ya kasa kula da kansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne suke fama da shi a duniya, kuma kowace shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Sama da kashi 60 cikin 100 na waɗannan mutane suna ƙasashe marasa ƙarfi da masu tasowa ne, saboda haka kada wani ya ce ai ciwon Turawa ne.

Ciwon ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya fi yawa, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100, shi ne wanda aka sa wa sunan wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, wanda ya fara bayaninsa a 1906 bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu da ciwon. Wannan yakan fara ne da manta abin da ya faru yanzu-yanzu. Na biyu shi ne wanda jijiyoyin jini ke kawowa, wato idan hawan jini ko ciwon suga suka lalata ƙananan hanyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini, ko kuma bayan shanyewar ɓarin jiki. Shi wannan sau da yawa hawa-hawa yake zuwa: yau mutum ya ragu, ya tsaya haka na 'yan watanni, sai kuma ya sake raguwa. Akwai wani irin da yake sa mutum ganin mutane ko dabbobin da babu su, jikinsa ya riƙa sandarewa. Akwai kuma wanda ke fara canza hali tun kafin mantuwa ta bayyana, kuma yakan kama mutum tun yana tsakanin shekara 45 da 65.

Ko a yankinmu na Afirka ta Yamma an yi bincike a kai. Daga 1992 likitocin Jami'ar Badun da na Jami'ar Indiyana ta Amurka sun bi tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama a Badun, suka kwatanta su da baƙaƙen fata tsofaffi na birnin Indiyanapolis. Sakamakon da suka fitar a 1995 ya nuna kimanin 2 cikin 100 a Badun, kimanin 8 cikin 100 kuma a can Amurka. Ke nan ciwon yana nan a cikinmu, kuma irin rayuwar da mutum ya yi da lafiyar jijiyoyinsa suna da hannu a ciki. Haɗarin yana ninkawa kusan duk bayan shekara biyar idan an wuce 65, mu kuwa sana'armu dattawa ne suke riƙe da jari da amana.

MANTUWAR KOWA DA MANTUWAR CIWO

Kada wannan magana ta tsorata kowa. Dukkanmu muna mantuwa. Mutum ya kwana biyu a bayan mota daga Gamboru zuwa Legas, ba barci ba abinci, dole ya manta inda ya ajiye takardar duwan. Dattijo ya ga fuska ya kasa kamo suna, sai bayan sallar magariba sunan ya faɗo masa, wannan ba komai ba ne.

Bambancin shi ne: mai lafiya ya san ya manta, in an tuna masa sai ya ce, "Af, haka ne fa." Mai ciwo kuwa abin bai ma zauna a kansa ba balle a tuna masa, shi ya sa yake rantsuwa da gaskiyarsa. Mai lafiya zai manta inda ya ajiye makulli, mai ciwo zai riƙe makullin yana juya shi bai san amfaninsa ba. Sa'an nan ita mantuwar ciwo ƙaruwa take yi, bana ta fi bara, kuma tana hana mutum aikin da ya ƙware a kai tun yana saurayi.

Wani abin da yake ruɗin iyali shi ne tsohon tunani yakan daɗe bai taɓu ba. Baba zai ba ka labarin farin 1973, da yadda bushiya ta kashe shanu a 1983, da ranar da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994 da abin da ya samu a tafiyar da ya yi a makon, bai bar ko dala ba. Sai 'ya'ya su ce, "Haba, wanda ya tuna wannan duka ai lafiyarsa lau." Amma ka tambaye shi me ya karya kumallo da shi yau, ko wa ya zo gaishe shi ɗazu. A nan ne ciwon yake fara ci.

ALAMUN DA MUKE IYA GANI A KASUWA

Na farko, kuma wanda ya fi shafarmu, shi ne lissafin kuɗi. Wani bincike da masana na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka fitar a 2020, a kan tsofaffi sama da dubu 80, ya gano cewa waɗanda daga baya aka tabbatar suna da ciwon sun fara kasa biyan bashi a kan lokaci tun shekara shida kafin likita ya gane. Wato aljihu yakan riga asibiti sani. A wajenmu ga yadda abin yake fitowa: dattijo ya biya la'ada sau biyu, ko ya hana ya ce ya biya, ya ƙirga kuɗi sau huɗu yana samun amsa huɗu, ya ruɗe tsakanin jikka goma da jikka ɗari, ya haɗa sefar Nijar da ta Chadi ko Kamaru wuri guda ya kasa rarrabewa, ya taya karsana da farashin shekara ashirin da suka wuce, ko ya sallama bijimi a kuɗin maraƙi. Mutumin da a da ko ɗan'uwansa ba ya ba bashi sai da shaida, yanzu baƙo daga zuwa ya yi masa daɗin baki ya kora shanu biyar.

Na biyu shi ne maimaita magana. Ya tambaye ka yaushe mota za ta tashi, ka faɗa masa, kafin a gama shan shayi ya sake tambaya, har sau biyar, kuma kowane karo shi a ganinsa yanzu ya fara.

Na uku, ruɗewar rana da wuri. Falke da ranakun kasuwa yake rayuwa, ya san wace rana ake ci a Maigatari, wace rana a Illela ko Adumri, kamar yadda ya san sunan 'ya'yansa. Idan ya fara shiri da asuba zai tafi kasuwar da ba ranarta ba, ko ya sauka a tasha ya kasa gane hanyar masaukin da ya shekara talatin yana sauka, ko ya fita masallaci ya kasa komowa gida, to a lura.

Na huɗu, kalmomi su riƙa kuɓuce masa. Ya nuna igiya ya ce "miƙo min abin nan na abin nan." Mutumin da ke jin Fulatanci da Yarabanci da ɗan Faransanci saboda ciniki, sai ka ga waɗannan harsuna suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, ya koma harshen da ya tashi da shi kawai.

Na biyar, ajiye abu a inda bai dace ba, sa'an nan zargin sata. Ya sa kuɗi a cikin buta ko a ƙarƙashin buhun dusa, ya neme su ya rasa, sai ya ce yaron gida ne ko amarya ce. Yara nawa aka kora, aure nawa ya mutu a kan wannan, alhali kuɗin suna cikin ɗakin?

Na shida, canjin hali. Mai haƙuri ya koma mafaɗaci, mai kunya ya fara sakin baki a gaban surukai, mai tsafta ya yi mako da riga ɗaya. Wani kuma shiru yake komawa, ya daina zuwa majalisa, ya daina shiga ciniki, domin a ransa ya ji abin yana kuɓuce masa kuma yana jin kunyar a gane. Sau da yawa mukan ce Alhaji ya kama girma ne ko ya koma ga Allah, ashe ɓuya yake yi.

Na bakwai, ya kasa jera aiki daki-daki. Loda mota aiki ne mai tsari: takardar likitan dabbobi, kuɗin fito, yashi ko ciyawa a ƙasan mota, masu rakiya, guzuri. Wanda a da yake tsara wannan yana hira, yanzu sai ya tsaya a tsakiya bai san me ke biye ba. Haka a gida za a ga yana ruɗewa a alwala ko yawan raka'o'i fiye da yadda aka saba.

Akwai wasu ƙananan alamu da iyali kaɗai za su gani. Wani yakan daina jin ƙanshi da wari ba tare da mura ba. Wani tafiyarsa takan canza, ya riƙa jan ƙafa ko yawan faɗuwa. Wani kuma cikin barci yakan riƙa ihu da duka da shuri kamar yana kokawa da sa, shekaru kafin mantuwa ta zo. Alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Amma idan biyu ko uku suka haɗu, kuma aka yi watanni suna ƙaruwa, lokacin ganin likita ya yi.

BA KOWACE RUƊEWA CE GIGIN TSUFA BA

Wannan sashe muna roƙon a karanta shi da kyau, domin yana iya ceton rai. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Idan dattijo jiya lafiyarsa lau, yau ya tashi bai san inda yake ba, wannan wani abu ne daban kuma na gaggawa. Yana iya zama zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon mafitsara, ko ciwon haƙarƙari, ko sugan jini ya faɗi, ko ƙishirwa ta yi masa yawa a kan hanya lokacin bazara. Idan kuma baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, to shanyewar ɓarin jiki ce, a nufi asibiti a wannan sa'ar, kada a jira kasuwa ta tashi.

Akwai wani wanda ya shafi sana'armu ƙwarai. Wanene a cikinmu sa bai taɓa tunkuya ko hauri ba, ko bai taɓa faɗowa daga kan mota ko babur ba? Idan dattijo ya bugu a ka, ko da bugun bai yi ƙarfi ba, jini yana iya riƙa tsattsafowa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai. Sai bayan mako uku ko wata biyu, an ma manta da faɗuwar, ya fara ciwon kai, yawan barci, ruɗewa, ko raunin gefe ɗaya. Hoton kai yana nuna wannan, kuma likitocin tiyata suna huda ƙaramin rami su zuƙe jinin, mutum ya dawo hayyacinsa. Saboda haka duk wanda za a kai asibiti, a tuna a gaya wa likita ko ya taɓa buguwa a 'yan watannin baya.

Haka nan ƙarancin sinadarin bitamin B12, da raunin aikin maƙoƙo, da ciwon damuwa mai tsanani bayan rasuwar mata ko karayar jari, da taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa wadda ke zuwa da jan ƙafa da kasa riƙe fitsari, duk suna kama da gigin tsufa kuma duk ana maganinsu. Kada mu manta da ƙwayoyin da ake saya a tasha da bakin kara, irin su tiramadol da magungunan barci. Jikin tsoho ba ya ɗaukarsu kamar na saurayi, suna iya gigita shi. In za a je asibiti a kwashe duk abin da yake sha, na Bature da na gargajiya, a nuna wa likita.

ABIN DA KE ƘARA HAƊARI, DA ABIN DA ZA MU IYA GYARAWA

Shekaru da gado ba su hannunmu. Amma wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta Ingila ta kafa ya fitar da rahoto a 2024, inda ya lissafa abubuwa 14 waɗanda in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na wannan ciwo. Ga su: ƙarancin ilimi tun yarinta, raunin ji, yawan mugun kitse a jini, ciwon damuwa, buguwa a ka, rashin motsa jiki, ciwon suga, shan taba, hawan jini, ƙiba, yawan shan giya, kaɗaici, gurɓatacciyar iska, da raunin gani wanda ba a yi maganinsa ba.

Mu dubi kanmu a wannan jeri. Iyayenmu da ƙafa suke bin shanu wata guda ko fiye har Kurmi. Mu kuwa da zarar jari ya kauri sai zaman tabarma daga safe har la'asar, ga tsire da balangu, ga shayi mai suga kofi uku, ga gishiri da dunƙule a miya. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo, mutum zai shekara goma da shi bai sani ba, yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Awonsa bai kai minti biyar ba, kuma ana yi a kusan kowane ƙaramin asibiti. Idan awo ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko ya wuce, magani ya kama, kuma ba a daina shansa don an ji sauƙi. Mutumin da ba ya loda shanu sai an duba lafiyarsu, bai kamata shi ya shekara biyar ba a auna jininsa ba.

Kunne da ido ma haka. Dattijon da ba ya ji sosai yakan janye daga hira, ƙwaƙwalwa kuma in ba ta samun abin juyawa sai ta yi sanyi. Wani dattin kunne ne kawai ya toshe shi, wani kuma na'urar ƙara ji yake bukata. Yanar ido aikinta ɗan lokaci ne, mutum ya koma gani. Masu hawa babur zuwa kasuwannin ƙauye kuma, hular kwano ba ado ba ce.

IDAN MUN GA ALAMU, ME ZA MU YI?

Da farko a kai shi asibiti, kuma a tafi da wanda yake zaune da shi kullum, domin shi marar lafiyar zai ce lafiyarsa lau. Kada a ce masa "Baba kanka ya taɓu." A ce, "Baba, mu je a auna jini a duba ƙarfin jiki," kuma gaskiya ne za a auna. Likita zai yi masa tambayoyi masu sauƙi, ko bai yi boko ba zai iya amsawa: ya maimaita wasu kalmomi bayan ɗan lokaci, ya jera ranakun mako daga baya zuwa gaba, ya faɗi sunayen dabbobi iya yawan da zai iya cikin minti ɗaya. Za a gwada jini, in da hali a ɗauki hoton kai. Idan ƙaramin asibiti ya gaza, a nemi takardar turawa zuwa babba, kamar Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, ko asibitocin koyarwa na Sakkwato, Kano da Maiduguri, waɗanda da ma hanyarmu ce.

Mu faɗi gaskiya: har yanzu babu maganin da ke warkar da ciwon Alzheimer. Akwai ƙwayoyi irin su donepezil da suke ɗan taimaka wa wasu na wani lokaci. Duk wanda ya ce a kawo sa biyu zai warkar da Baba cikin kwana bakwai, to shanun yake so. Addu'a kuwa ba mai hana ta, a haɗa ta da asibiti. Amfanin ganewa da wuri shi ne a kama abin da ke warkuwa, a tsare hawan jini da suga don kada ciwon ya yi gudu, sa'an nan a gyara lamarin dukiya tun mai ita yana iya magana da bakinsa.

Wannan na ƙarshe shi ne inda muke yawan tuntuɓe. Cinikinmu a kan amana yake tafiya. Shanun falke suna wajen maigida a Agege ko Akinyele ko Kumasi, maigida ya ba mahauta bashi, wasu shanun kuma suna wajen makiyayi a daji, kuma duk wannan a kan mutum ɗaya yake rubuce. Ranar da kan ya ruɗe, littafin ya ƙone ke nan. Tun alamu suna ƙanana a zauna da shi da safe, lokacin da hankalinsa ya fi kwanciya, da shaidu biyu amintattu da malami, a rubuta wa yake bi, wa ke binsa, shanu nawa ke wajen wa, wane jari ne nasa, wane ne na marayu ko na abokin tarayya. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ta yi maganar waliyyi ya tsaya wa wanda ba ya iya tsaya wa kansa. A zaɓi wakili ɗaya da yardar dattijon da sanin dukan 'ya'ya, na kowane ɗaki, don kada gobe a ce wane ya cinye.

Amma kada a raba shi da kasuwa rana ɗaya. Mutumin da ya tashi cikin ƙurar kara, in aka kulle shi a ɗaki sai ya fi saurin lalacewa. A bar shi ya zo ya zauna a rumfarsa, a gaishe shi, a nuna masa sa a ce, "Baba, ya ka ga wannan?" Idon sanin dabba yakan daɗe bai tafi ba. Kuɗi masu yawa dai su koma hannun wakili, a bar masa na goro da sadaka a aljihu. Kada ya ƙara tafiyar ƙetare iyaka shi kaɗai, kuma a sa masa takarda a aljihu mai sunansa da garinsu da lambar wayar ɗansa, da Hausa da Faransanci ko Ingilishi, saboda in ya ɓata a ƙasar da ba a san shi ba. Tuƙin mota ko babur kuma a lallashe shi ya bari.

A gida a rage gardama da shi. In ya ce an sace masa kuɗi, kada a ce ƙarya yake yi, a ce, "To Baba, bari mu duba tare." In ya tambayi abu sau goma, a amsa sau goma, da gajeruwar magana. In ya nemi mahaifiyarsa da ta rasu shekara talatin, ba dole ne a sabunta masa mutuwar kullum ba, a ja shi da labarinta. Da yamma ruɗewar takan ƙaru, sai a kunna fitila da wuri a rage hayaniya. Ɗaure shi da mari ko duka zalunci ne, ba magani ba. Mu kuma tuna da masu jinya, galibi uwargida ce ko 'ya mace, ba barci ba hutu. A riƙa karɓarsu.

Iyayenmu mata ma ciwon yana kama su, har ma sun fi maza yawa a cikin masu fama da shi. Su kuma abin da ya fi muni shi ne tsohuwa ta fara sambatu ko yawon dare sai a ce mayya ce. 'Yan'uwanmu masu bin hanyar Gana sun san labarin Gambaga, inda tsofaffin matan da aka kora daga garuruwansu da zargin maita suke fakewa. Kafin a ɗora wa tsohuwa wannan suna, a kai ta likita.

KIRA GA 'YAN ƘUNGIYA

Muna kira ga shugabannin rassa da sarakunan tike da dillalai. Idan rigimar kuɗi ta taso da dattijon da aka san shi da gaskiya shekara da shekaru, kada a yi saurin tozarta shi a bainar jama'a. A ja shi gefe, a kira iyalinsa. Wanda kuma ya ga dattijo ya ruɗe ya yi amfani da damar ya saye masa shanu a wulaƙance, ko ya ci bashinsa ya yi shiru don ya san ba zai tuna ba, to ya sani haram ya ci, kuma ya kamata kowane reshe ya ɗauki wannan a matsayin babban laifi. Muna kuma ba da shawara rassa su riƙa gayyato ma'aikacin lafiya ranar kasuwa, ko da sau ɗaya a wata uku, ya auna wa mutane jini da suga a rumfar ƙungiya. Ranar 21 ga Satumba ta kowace shekara ita ce aka keɓe a duniya don tunawa da wannan ciwo, ana iya farawa daga nan.

Shi dai Alhajinmu yana nan da ransa. Ɗansa ya dawo gida bayan da aka yi masa bayani, shi ne ma yake yi masa wanka yanzu. Ranar kasuwa yakan kawo shi ya zaunar da shi a inuwa. Ba ya gane yawancinmu, amma in aka wuce da bijimin azawak mai kyau sai ka ga ya bi shi da ido yana murmushi. Mutumin nan na farko da aka yi rigimar bijimi da shi, da ya ji gaskiyar lamarin, da kansa ya zo ya durƙusa ya nemi gafara. Mu ma da muka yi masa mummunan zato muna neman gafarar Allah da tasa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, ya kuma bar mu da hankalinmu har ƙarshen rayuwa. Amin.